Duman Tsaye a Bakin Gulbin Jega

Ku ɗaliban da kuke tahowa rumfata daga Aliero da littattafanku da wayoyinku, kuna cewa in raka ku bakin gulbi ku ɗauki hoton ganye, ku zauna tukuna, ga tabarma nan. Ɗazu ɗayanku ya ce wai aikina ba shi da wuya, tunda itace ba ya gudu, inda ka bar shi jiya nan za ka iske shi yau. Na yi dariya ban tanka ba, don a lokacin ina auna wa wata mata sassaƙen marke. Yanzu kasuwa ta lafa. Bari in ba ku labarin wani tsiro da ya yi tafiyar da ni ban taɓa yin irinta ba, ya iso har bakin gulbinmu, ya kusa tayar da ruga guda daga fadama.

Sunana Garba, sana'ata saro magani. Ni ba boka ba ne, ba na duba, ba na ba da laƙani. Nawa shi ne in shiga daji in kawo saiwa da sassaƙe da ganye, in kawo ainihin wanda aka ce, ba mai kama da shi ba. Masu saye a wurina su ne magori masu yawon tallar magani, da ungozomomi, da masu ɗori na Aliero, da matan gida da suka san abin da suke nema. Mai ɗori in ya ce maka sassaƙen hano, to hano yake nufi, kuma da ya shinshina zai san ko ka yi masa haɗi. Sau ɗaya kawai za ka yi masa haka, ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba.

Na koyi aikin a hannun Baba Cindo, ƙanin kakata, mutumin unguwar Jega Magaji. Shekara biyun farko bai bar ni na taɓa gizagon sassaƙa ba, ɗaukar burgami kawai nake yi ina binsa a baya. Da muka soma karatu na gaske, sai ya riƙa ɗaure mini ido da rawaninsa, ya miƙo mini ɓawo ya ce in faɗi suna. In shinshina, in taɓa da harshe, in murza da yatsa. Maɗaci ba ya ɓuya, ɗacinsa har ƙeya. Amma ku je ku bambanta saiwar sabarar tudu da ta fadama ido rufe, sa'an nan ku dawo mu yi maganar sauƙi. In na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya ce in tauna wanda na faɗa da wanda yake hannuna, duka biyu, har sai bakina ya riƙe bambancin.

Gizagon nan da kuke gani jingine da buhu nasa ne. An sake masa ƙota sau biyar, ƙarfen dai shi ne. Da shi ake sassaƙa, kuma ana ɗiba ne ta gabas da ta yamma, ba a kewaye itace, in ka kewaye shi ka kashe shi. In ka gama ka shafe wurin da laka. Saiwa kuwa da dagi, ƙarfen tono, ake bin ta, a yanki ɗaya a bar saura, a mayar da ƙasa a taka. Ban da waɗannan sai 'yar wuƙa da igiya. Amma babbar ƙa'idar Baba Cindo ba ta ƙarfe ba ce. Yakan ce tsiron da ba ka sani ba, kada ka ba kowa shi sai ka gan shi da damina, ka gan shi da kaka, ka gan shi da rani, ka gan shi da bazara, ka kuma lura da abin da ke cinsa da abin da ke kauce masa.

Ranar da na fara ganin tsiron nan, ganyen giyayya na je nema wa wata ungozoma. Ruwa ya soma janyewa, kaka ta shigo. Na gangara ƙasa da gada da sassafe, ina bin gaɓa inda laka ba ta gama bushewa ba, sai na hango fure a tsaye, kusan tsayina, fari-fari da ruwan hoda, buɗe kamar bakin algaita. Na tsaya cak. A lokacin na shekara ashirin ina bin gulbin nan, duk abin da ke tsirowa daga gada har mashayar shanu na san shi kamar 'ya'yan ɗakinmu. Wannan ban san shi ba. Na jefar da buhu na shiga laka har gwiwa.

Da farko na ce duman rafi ne ya samu abin hawa ya hau. Kun san duman rafi, wanda ke yaɗo a kan rairayi da furensa mai ruwan shuni-shuni. Na duba ƙasa, ba abin da ya hau, da ƙafarsa yake tsaye. Ganyen duman rafi zagaye yake kamar kofaton raƙumi, na wannan kuwa faffaɗa ne a gindi, ya tafi ya yi tsini kamar kan mashi. Na karya reshe, sai ga farin ruwa kamar na tunfafiya, ga kuma rami a cikin karan, har ka iya busawa. Na leƙa cikin furen, can maƙogwaronsa launin ya fi duhu. Na fasa wani busasshen ɗa da ke jikinsa, na iske ƙwayoyi sanye da gashi kamar an lulluɓe su da auduga mai datti. Wallahi na manta da giyayya, na manta da ungozoma. Na tuge reshe guda da fure da ɗa, na yi gida da sauri har ina tuntuɓe.

Baba Cindo a lokacin idonsa ya tafi, yana zaune a zaure. Na sa masa reshen a hannu ban ce komai ba, don in rama abin da ya sha yi mini. Ya shafa ganyen ciki da baya, ya shinshina, ya karya karan ya sa ɗan yatsa a ramin. Sai na ga bakinsa yana motsi kamar mai lissafa sunaye yana zubarwa. Can ya ɗago kai yana murmushi.

"Ina kas samo wanga, Garba?"

Na ce ƙasa da gada.

"Baƙo na. Shekarata saba'in ban taɓa riƙa shi ba. Tahi ka gano man gidansu."

Tsoho da ba ya iya kai kansa masallaci sai da jagora, ranar nan sai da ya sa na kwatanta masa furen sau uku. Shi ya raɗa masa suna. Ya ce tunda ɗan'uwansa duman rafi yana kwance shi kuwa yana tsaye, a kira shi duman tsaye. Na ji wasu garuruwa suna da nasu sunan, amma a nan namu ne ya bi shi.

Neman gidansu ya ci mini kwana uku a ƙafa. Dabarar ita ce, abin da ruwa ya kawo daga sama ya fito, don haka na juya na bi gulbi ta inda yake gangarowa. Rana ta farko na ga guda biyu, duka a lanƙwasar da ruwa ke ajiye shara. Na tona gindin ɗaya, sai na ga ba daga ƙwaya ya tsiro ba, guntun kara ne ya kwanta a laka ya yi saiwa ta kowace gaɓa. Nan na san yadda yake tafiya. Rana ta biyu sai suka ƙaru, biyar nan, goma can, har na iso inda wata ƙorama ke zubowa cikin gulbi. Na wuce bakinta na ci gaba, na yi tafiya mai nisa ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Na dawo na shiga ƙoramar. Ai kuwa sai ga su jere dama da hagu, kowanne da furensa, kamar 'yan rakiyar amarya. Na riƙa sauri ina magana ni kaɗai, masu wanki suna kallona.

Ƙoramar ta kai ni wani tsohon sansanin masu aikin hanya, gine-gine sun zube, ba kowa sai wani dattijo da ya yi musu gadi ya kuma zauna yana noma filin. A bayan sansanin akwai ramin da suka ɗebi ƙasa, ya zama kududdufi, duman tsaye ya kewaye shi ya rufe ruf. Dattijon ya ce matar wani babban ma'aikaci ce ta zo da shi daga kudu cikin gwangwani, ta dasa a ƙofar ɗakinta don ado. Da suka tashi aka sare aka watsar bayan gida. Daga gwangwani guda ke nan. Daga baya wani malaminku ya gaya mini asalinsa ma ba kudu ba ne, daga wata ƙasa ce can ƙetaren teku, wajen Amurka. Ka ji wanda aka ce ba ya gudu.

Na dawo na ba Baba Cindo labari, ya yi ta dariya yana buga cinya. Daga nan na shiga bin ƙa'idarsa. Shekara biyu ina lura. Na gane ba ya son tudu, ba ya son jigawa, ba ya kuma shiga ruwa mai zurfi inda bado da kainuwa suke. Wurinsa shi ne tsakani, inda ruwa ke zuwa ya koma ya bar laka: gaɓar gulbi, bakin kududdufi, ramukan gefen hanya, magudanar lambu. Furensa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi ya naɗe. Da rani, komai ya bushe, shi yana nan kore shar. Abin da ya fi burge ni, na sha zama ina kallon garke yana wucewa ta cikinsa zuwa mashaya, saniya ba ta taɓa shi, tunkiya ba ta taɓa shi, akuya ma da ba ta barin komai sai ta shinshina ta kau da kai. Ban ba kowa shi a matsayin magani ba, don ban san abin da yake yi a ciki ba. Amma wani tunani ya zo mini.

Akwai wani ƙauye a ƙasar Maiyama, gaba da Liba kaɗan, inda nake zuwa saran tafashiya. Mutanen suna noman albasa a bakin ƙorama, kuma kowace shekara kukansu ɗaya ne, shinge. A yi na kara, gara ta ci. A yi na ƙaya, a rasa ƙayar don daji ya ƙare. Awaki su shiga fangali su tattake dashe. Na ce musu ina da itacen da za a soka a ƙasa yau, ya kama kafin mako biyu, ba ya bushewa, dabba kuma ba ta cinsa. Suka ce in kawo. Na yanko dami biyu na ɗora wa jaki. Da hannuna na soka layin farko a lambun mai gari. Baba Cindo ya riga ya rasu a lokacin, ban samu wanda zan yi shawara da shi ba, kuma gaskiya ko yana nan ban tabbata zan tambaya ba, don ina ganin na cika ƙa'ida.

Ku zo ku ga shinge! Cikin shekara uku duk lambunan bakin ƙoramar sun kewaye. Da safe in ka tsaya a kan tudu sai ka ga fure layi-layi, albasa kore a tsakiya. Masu motocin ɗaukar albasa suna tsayawa su karya su tafi da shi. Aka daina kirana Garba mai magani, aka koma Garba mai shinge. Duk gidan da na shiga sai an kawo mini fura.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke tun gero yana bununi, wake bai yi ba, balle a samu harawa. Kafin tsakiyar rani ciyawa ta ƙare ƙaf, har 'ya'yan gawo yara da awaki ke rububi. A shekarar ne wani Ardo Jaɓɓi ya gangaro daga arewa da iyalinsa da dabbobinsa, ya roƙi mai gari ya sauka a gefen fadamar, aka ba shi wuri.

Ni ina Jega ban san abin da ke faruwa ba, sai da bazara na je saran tafashiya. Na iske ƙauyen ba daɗi. Awaki ne ke wani ciwo da ba a saba gani ba. Akuya ta rame, kanta ya riƙa kaɗawa, ta yi tafiya tana tangaɗi kamar ƙafafun baya ba nata ba ne. Masu ciki suna ɓari. An yanka da yawa, wasu sun mutu kafin a kai wuƙa. A ƙauye kuwa akuya ita ce dukiyar mace. Wadda abin ya fi taɓawa wata tsohuwa ce, Inna Kulu, mai awaki tara, da su take riƙe da jikokinta marayu. Saura uku a tsaye.

Kuma an riga an sami mai laifi. Akuyar da ta fara ciwon, Inna Kulu ta saye ta ne a hannun matar Ardo. Don haka magana ta zauna cewa ruga ce ta kawo cuta. Samari sun hana matan ruga shigowa da nono, an tare musu mashaya, mai gari ya ba Ardo kwana bakwai ya tashi. Tashi a bazara irin wannan, da shanun da ƙashi kawai ya rage musu, kowa ya san rabinsu a hanya za su zube. Wasu samarin rugar kuma sun ce ba inda za su. Kwana huɗu suka rage ranar da na iso.

Na je rugar, don Fulani abokan aikina ne, sun fi kowa sanin abin da dabba ke ci. Na iske Ardo zaune a gindin kalgo, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya kai ni cikin awakinsa ya ce in duba da kaina. Lafiyarsu lau, sai dai yunwa. Ya ce ya je ya ga na gari, kuma abu biyu sun tsaya masa. Na ɗaya, ragunan da ake turkewa a gida ba wanda ya kamu, alhali wuri ɗaya suke kwana da awakin.

"Ciwo mai yaɗuwa ba shi tsallake turke, Malam Garba," in ji shi. "Wanga ci na. Wani abu su ka ci."

Na biyu, ya ce kaɗa kan nan ya yi masa kama da na dabbar da ta ci duman rafi. Amma ya bi ƙoramar sama da ƙasa, duman rafi duk ya ƙone bana, kuma nasa ciwon in an tsare dabba kwana kaɗan yakan sake ta. Wannan ba ya saki.

Yana ambaton duman rafi na tuna da ɗan'uwansa da na dasa musu a lambu. Na yi masa sallama.

Washegari da hantsi na tsaya ƙofar gidan Inna Kulu na roƙe ta ta saki awakin ukun. Ta zuba musu 'yar dusar da ta samu. Ko kallonta ba su yi ba. Suka fita suna tangaɗi, ɗaya ta faɗi ta tashi, suka miƙe hanyar lambu kamar ana kiransu. Na bi su. Suna isa suka kafa kai a shinge. Na duba layin daga farko har ƙarshe, sai na ga abin da na wuce jiya ban lura ba: daga ƙasa har iyakar inda akuya ke kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya, ba ganye ko ɗaya, an sharɓe tas. Sama kuwa kore da fure. Na kama ɗaya na ja, tana ta fizgewa tana komawa, kamar mai shan taba da aka ƙwace wa karansa.

Duk da haka ban yarda da idona kaɗai ba. An yanka wata a gidan maƙwabta a ranar, na je na ce mahauci ya buɗe mini tumbi. Ga ganyen nan danƙare, ga ƙwayoyin nan masu gashi, waɗanda ba wani tsiro a ƙasar nan da ke da irinsu. Na wanke guda biyar na ƙulle a gefen riga. Sai lissafin ya fito mini sarai. Akuyar ruga ta fara ne don baƙuwa ce, ba ta san shi ba, ga yunwa, ta ci, sauran suka koya daga gare ta. Na Ardo ba su kamu ba don can cikin daji ake kai su kiwo, ba sa zuwa lambu. Ni kuwa na lura da tsiron nan damina da rani, amma duk a shekarun ƙoshi. Abin da akuya ta ƙi tana da zaɓi, ban taɓa ganin yadda za ta yi da shi ba in zaɓi ya ƙare.

Na hau mota na je na ɗauko malamin dabbobi. Ya ɗaga kan wata akuya sama ya sake, ta yi baya ta zube. Ya duba ƙwayoyin, ya duba shingen, ya ce ya taɓa karanta irin wannan, ba allurar da za ta yi, maganin kawai a raba su da shi. Waɗanda bai daɗe a jikinsu ba za su tashi, waɗanda ya daɗe sai haƙuri.

Bayan la'asar aka taru ƙofar mai gari. Kafin mu isa malamin ya ce mini shi zai yi bayani, ba sai an tono wanda ya kawo ba. Na ce a'a, ai ba wanda ya manta, kuma in ba daga bakina ta fito ba, gobe za a ce an sayi malami ne don a kare ruga. Na miƙe da reshe a hannu ɗaya, ƙwayoyi a ɗayan.

"Ranka shi daɗe, ba ruga ta kawo ciwon ga ba. Ga shi nan, shingenku na. Ni nik kawo shi bisa jakina, ni nic ce muku dabba ba ta cinai. Ban sani ba, kuma nic ce na sani."

Wuri ya ruɗe. Wasu suka ce ƙarya ne, shekara nawa shinge yana nan. Mai gari ya ce a saki awakin kowa a gani. Aka saki, jama'a suka bi su a baya, gari guda, har limami. Da suka ga inda awakin suka nufa ba wanda ya ƙara gardama. Mai gari ya aika a gaya wa Ardo ya zauna, a kuma buɗe mashaya. Inna Kulu ta tsaya gabana ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta juya ta tafi.

Kawar da shi ya fi dasa shi wuya sau goma. Samari suka zo da adduna suna sara suna jefawa cikin ƙorama, na yi ta gudu ina tare su, don kowane guntu da ruwan farkon damina zai ɗauka sabon shinge ne a ƙauyen gaba. Sai an bi saiwa da dagi, a kwashe har ɗan guntun da bai kai yatsa ba, a kai kan fako ya bushe, a ƙone. Wata biyu na yi a ƙauyen ina wannan aikin, rumfata a rufe. Ardo ya turo mutanensa da jakuna suka yi ta kwasa tare da samarin da suka tare musu mashaya. Aka maye gurbin da bini-da-zugu da ƙaya. Daga nan na bi duk garuruwan da na ji masu mota sun kai shi, ina faɗa a masallaci da kasuwa. Wasu suka ji, wasu suka ce shingensu ya fi musu awakin wani. Shi ya sa har yau za ku gan shi ƙasa da gada da ramukan gefen hanyar Maiyama, yana ta fure abinsa. Kyakkyawa ne, ban taɓa cewa ba kyakkyawa ba ne. In kun je ku karya kara ku ga ramin da farin ruwan, ku fasa ɗa ku ga gashin, sa'an nan ku duba ƙasan ganyen ko an ci, ku tambayi awakin wa ke kiwo a wurin.

Cikin awakin Inna Kulu uku, biyu suka tashi, ɗaya ta tafi. Ni kuma kasuwata ta faɗi. Labari ya riga ni isowa Jega, aka ce wanda ya kashe awaki da shinge, me zai hana ya kashe mutum da saiwa? Masu ɗori ba su bar ni ba, don su hancinsu suke bi, amma matan ƙauye suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ranar kasuwa sai in ga sun wuce ta gabana sun tsaya rumfar wani. Haka na shekara biyu.

Ran nan ina ɗaure sassaƙe, sai na ga ƙafafu sun tsaya a bakin tabarma. Na ɗaga kai, Inna Kulu ce, da ƙwarya a ka. Na gaishe ta.

"Kada ka aza na yahe maka awakina, Garba," ta ce. "Ban yahe ba tukuna. Amma jikata ba ta da lahiya, kuma kai in ba ka san abu ba kana hwaɗi. Auna man sabara."

Na auna mata. Ta shinshina, ta tambaya ta tudu ce ko ta fadama, na ce ta tudu. Ta ƙulle a bakin zane ta tafi ba sallama. Kasuwa ta gaba ta dawo, da mata uku a bayanta.